The Witcher 4: me zai canza idan takobin ya koma hannun Ciri?

Tambaya: Na gama The Witcher 3 har da ƙarin labaransa guda biyu, kuma na ga bidiyon The Witcher 4 inda Ciri ce jaruma. Me ake sa ran zai canza a yadda ake buga wasan, wajen faɗa da sihiri da yawo a duniyarsa? Sannan abin da aka nuna yana gudana a kan PS5, shi ne wasan da za mu samu?

Amsa: Bari in fara da tambayarka ta biyu, ɗan'uwa, don ita ce mai gajeriyar amsa. A'a, ba shi ba ne. Abu biyu kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan ya nuna waɗanda suka isa a tsaya a kansu. Na farko shi ne bidiyon da aka bayyana wasan da shi a bikin The Game Awards a watan Disamba 2024, mai tsawon kusan minti shida. Wannan fim ne da aka riga aka haɗa da injin Unreal Engine 5, babu wanda ke riƙe da hannun wasa a lokacin. Na biyu shi ne wanda aka nuna ranar 3 ga Yuni 2025 a taron Epic Games a Orlando ta Amurka, yana gudana kai tsaye a kan PS5 ta asali, firem 60, wato hoto 60, a daƙiƙa. Wannan kam akwai mai bugawa a gaban jama'a, amma kamfanin da bakinsa ya ce gwajin fasaha ne da aka gina a duniyar wasan, ba yanki ne da aka yanko daga wasan ba. Kuma a ɓangaren da aka buga da hannu babu faɗa ko ɗaya. Hawan doki ne, da shiga gari, da magana da mutane.

Wannan bai sa bidiyoyin suka zama banza ba. Idan ka haɗa su da tarihin kamfanin, wato abin da ya gyara a wasanninsa na baya da abin da ya ƙi gyarawa, za ka iya hango alƙiblar da aka dosa. A ganina kuwa, abin da zai nuna ko wasan ya yi ko bai yi ba abu ɗaya ne: shin Ciri za ta riƙa buƙatar shiri kafin ta tunkari dodo, ko kuwa ƙarfinta zai sa shirin ya zama ado kawai? Duk sauran abubuwan, daga kyan daji har zuwa yawan mutanen kasuwa, a bayan wannan suke.

Ka tuna yadda Ciri take a The Witcher 3. A wuraren da ake ba ka ita, ba ta da jakar kaya, ba ta shan magani, ba ta da alamomin sihiri biyar na Geralt, maharbin dodannin da ya jagoranci wasannin uku na baya, wato Aard da Igni da Yrden da Quen da Axii. Abin da take da shi shi ne ɓacewa ta ɓullo a bayan abokin gaba, kuma lafiyarta na dawowa da kanta. Zuwa yaƙin ƙarshe, mayaƙan Wild Hunt, rundunar da ke farautarta, waɗanda ke ba Geralt wahala, sara ɗaya take yi musu. Wannan yana da daɗi na minti goma, amma ba a gina wasan awa ɗari a kan jarumar da babu mai iya taɓa ta, wadda kuma ke iya tsallakawa daga duniya zuwa duniya saboda jinin da ta gada. Masu yin wasan sun san da haka. A hirarrakin da suka yi bayan bidiyon farko sun nuna cewa labarin yana faruwa ne 'yan shekaru bayan na uku, kuma wani abu ya faru a tsakani wanda ya sa ba da wancan ƙarfin za ka same ta ba. Sun kuma tabbatar cewa ta sha Gwajin Ciyayi, wato shan haɗin magungunan da ke juya jikin mutum ya zama maharbin dodanni, wanda a tarihin duniyar wasan yara maza ake yi wa, kuma uku cikin goma ne ke rayuwa. Shi ya sa a bidiyon ka ga idanunta sun koma irin na kyanwa, ka kuma ga ta sha maganin da zai kashe mutum na yau da kullum.

To ka ga an rage mata a gefe guda, an ƙara mata a wani. Ta samu takubba biyu da magunguna da alamomi, kamar Geralt. Amma tana da abin da Geralt bai taɓa samu ba: ta yi karatun sihiri na gaske a hannun matsafiya Yennefer. Alamomin maharba ƙaramin sihiri ne, na hannu ɗaya, wanda ake jefawa a tsakiyar sara. A faɗanta da Bauk kuwa, dodon da ke cikin bidiyon farko, an ga ta jawo ƙarfi daga ruwan da ke kusa da ita ta mayar da shi hari mai kama da walƙiya. Idan wannan ya shiga wasan kamar yadda aka nuna shi, ma'anarsa babba ce, domin filin faɗa zai zama wani ɓangare na makaminka. Za ka shiga kogo kana duba ina ruwa yake, ina wuta take, kafin ka zare takobi. Kuma yana ba masu tsara wasan hanyar ɗaure ƙarfinta ba tare da yi mata ƙarya ba: inda babu abin da za ta jawo, sai ta koma ga takobi da dabara. Wannan hasashena ne daga abin da aka nuna, amma shi ne hasashen da na fi tsayawa a kansa, don da wuya kamfani ya sa irin wannan motsi a bidiyon gabatarwa in ba yana nufin ka yi shi da hannunka ba.

Haka nan sarƙar da ta ɗaure Bauk da ita. Tsofaffin masu wasan sun gane ta nan take, domin da sarƙar azurfa Geralt ya tunkari dodon da ake kira striga a bidiyon buɗe wasan farko na 2007, amma ba a taɓa ba mai wasa ita a matsayin makami ba cikin wasannin uku. Ina sa ran ta cike wani giɓi da kowa ya sani. A na uku, idan dodo mai fiffike ya tashi sama, griffin ko siren, abin da ya rage maka shi ne ka harba ƙaramar baka ko ka jira ya sauko ka buge shi da Aard. Jira ne kawai. Sarƙa tana iya jawo na sama ƙasa, ta riƙe ƙafar mai gudu, ta fizge garkuwa. Kuma dodon da aka buɗe bidiyon Yuni 2025 da shi manticore ne, shi ma mai fiffike.

Faɗan The Witcher 3 shi ne mafi rauni a cikin abubuwan da wasan ya yi, kuma ina faɗin haka ne a matsayin wanda ke ƙaunar wasan ƙwarai. Ka sa Quen, alamar garkuwa, ka kauce gefe, ka yi sara biyu masu sauri, ka sake kaucewa, in garkuwar ta fashe ka sake sa ta. Da wannan za ka iya gama wasan a mataki mafi wuya. Akwai kuma matsalar da ba kowa ke iya faɗin sunanta ba amma kowa na jin ta a yatsunsa: idan ka danna maɓallin sara, wasan ne ke zaɓar irin saran da Geralt zai yi gwargwadon nisansa da abokin gaba. Wani lokaci gajeren sara ne, wani lokaci sai ya juya ya yi tsalle, kafin takobin ya sauka an riga an buge shi. Ba ka san tsawon lokacin da motsinka zai ɗauka ba, don haka ba ka iya ƙwarewa a kansa yadda ya kamata. Ga nauyin tafiyarsa, wanda ya sa sai da aka ƙara wani salon motsi a gyaran 1.07 'yan watanni bayan fitowar wasan a Mayu 2015. Ga kuma tsayawa gaban akwati kana so ka buɗe, shi kuwa yana ta kunna kyandir yana kashewa.

Masu yin na huɗu sun ce Ciri ta fi Geralt sauri da sauƙin jiki, kuma suna so a ji hakan a hannu. Abin da ya sa na ɗauki maganar da muhimmanci shi ne firem 60 ɗin nan da suka nace a kai. Mutane na ɗaukar sa a matsayin maganar kyan hoto, alhali maganar faɗa ce. A firem 30, kowane hoto yana zaune a allo na kusan milisakan 33. A firem 60 kuwa kusan 16.7 ne. Duk wasan da zai nemi ka tare sara a daidai lokacin da ya sauko, ko ka kauce a ƙurarren lokaci, yana buƙatar wannan tazarar ta ragu. The Witcher 3 a firem 30 ya fito a PS4, kuma an tsara faɗansa da sassaucin da ya dace da hakan. Kamfanin ya ce a wannan karon daga na'urorin wasa ya fara gini sannan ya haura zuwa kwamfuta, saɓanin yadda ya saba. In har an riƙe wannan alkawarin, za a iya tsara faɗa mai tsauri wanda ke hukunta kuskure ba tare da zalunci ba. Ka duba kuma gyaran 4.0 na Disamba 2022, wanda ya kawo kyamarar da ke kusa da kafaɗa da jefa alamomi kai tsaye ba sai an buɗe da'irar zaɓi ba. An yi wannan gyaran ne a lokacin da aikin sabon wasan ya riga ya fara, don haka ina kallonsa a matsayin ɗan leƙe cikin tunaninsu.

Yanzu ga inda na fi damuwa, wato shiri. Tarihin haɗa magani a wasannin uku tarihi ne na sassautawa. A na farko sai ka zauna gaban wuta, ka san sinadarin da ke cikin kowane ganye da kowace gaɓar dodo, vitriol ne ko rebis ko aether, ka haɗa da kanka. A na biyu, na 2011, ba ka shan magani sai a zaune kafin faɗa, don haka dole ka yi tunanin abin da ke gabanka tun ba ka gan shi ba. Mutane da yawa sun tsani wannan, domin sau da yawa faɗa na faɗo maka ba sanarwa. A na uku sau ɗaya kake haɗa kowane magani, daga nan duk lokacin da ka yi zaman hutu kwalaben na cika da kansu muddin kana da barasa mai ƙarfi a jaka. Daga baya har aka ƙara zaɓin da ke shafa wa takobinka man da ya dace da kansa. Kowane mataki yana da dalilinsa, amma idan ka tara su sai ka ga maharbin da ba ya buƙatar sanin abin da yake farauta.

Bari in nuna maka abin da nake nufi da aikin da kusan kowa ya yi a White Orchard, yankin farko na wasan na uku, na fatalwar rijiya. Wani mutum ne 'yarsa ba lafiya, ruwan kogi ya gurɓace da gawarwakin yaƙi, rijiyar da ta rage kuma tana wani ƙauye da aka gudu aka bari saboda abin da ke yawo a wurin. Kana zuwa ka tarar da gawar kare da ƙonanniyar ciyawa, ka gane fatalwar tsakar rana ce. Ka shiga bukka ka karanta littafin da wata mata ta bari, ka bi sawun jini har bakin rijiya, ka leƙa ka ga ƙasusuwanta a rataye. Dole ka faɗa cikin ruwan ka lalubo munduwarta, domin ita ce ta ɗaure ta da wurin. Sai ka haɗa ƙasusuwan da munduwar ka cinna musu wuta, sannan ta fito. Kuma in ka kai mata sara haka kawai, takobin kusan ratsa ta yake yi kamar hayaƙi. Sai ka zana Yrden a ƙasa, ka jawo ta cikin da'irar, a nan ne jikinta ke kamuwa. A wannan aikin ilimi shi ne makami. Wanda bai karanta bayanin dodon ba zai sha wuya, wanda ya karanta zai gama cikin minti biyu.

Matsalar ita ce ayyuka irin wannan ba su da yawa idan aka kwatanta da girman wasan, kuma ko a cikinsa ba kai ne ke binciken ba. Kana danna maɓalli, duniya ta dusashe, abin da ake so ka gani ya yi ja, Geralt ya yi magana shi kaɗai ya faɗa maka amsar. Ba za ka taɓa kuskuren gane dodo ba, domin wasan bai ba ka damar kuskure ba. Abin da nake fata a na huɗu, kuma Ciri ta ba da ƙofarsa, shi ne a bar mai wasa ya yi kuskure. Geralt ya shekara da yawa a kan wannan sana'a, ya ga komai, ba zai yi ma'ana ba ya kalli sawu ya rasa na mene ne. Ciri kuwa, kamar yadda masu wasan suka ce, a farkon tafarkinta take. Tana iya ganin rauni a jikin gawa ta ɗauka wannan dodo ne alhali wancan ne, ta shafa man da bai dace ba, ta shiga kogo ta gane kurenta a makare. Idan aka bar ka ka tara alamu uku ko huɗu ka yanke hukunci da kanka, kuma hukuncin ya shafi yadda faɗan zai kasance, to an warware matsalar ƙarfinta da matsalar jan sawu a lokaci guda. Idan kuwa aka ba ta sihirin da ke ƙone komai ba tare da la'akari da irin dodon ba, za a samu wasan faɗa mai kyan gani wanda sunan kawai ya gada.

Ta fuskar labari da zaɓi hankalina a kwance yake, domin nan ne kamfanin bai taɓa ba da kunya ba. Bidiyon farko ma kansa darasi ne. Ƙauyen Stromford na miƙa budurwa ga abin da suke ɗauka ubangijin daji ne. Ciri ta bi yarinyar, Mioni, ta ce ta koma gida, ta kashe Bauk, wanda aka aro daga tatsuniyoyin Sabiya, dodon da ke wasa da tsoron mutum. Ta dawo ta tarar mutanen ƙauyen sun kashe yarinyar da hannunsu. Wanda ya buga na uku zai tuna Fayrlund a Skellige, inda dattawa ke girmama leshen, dodon dajinsu, matasa ƙarƙashin Sven kuma ke so a kashe shi, kuma ko wane ɓangare ka bi sai jini ya zuba a ƙauyen. Salon gidan ke nan: ka yi aikinka daidai, sakamakon ya fito ta inda ba ka zata ba.

Abin da zai bambanta shi ne halin mai zaɓin. Geralt kullum yana cewa shi ba ruwansa, a biya shi ya tafi, ko da yake ƙarshe yakan tsoma baki. Ciri ba ta da wannan rigar. Mai zafin zuciya ce, tana ɗaukar abu da kanta, kuma jikar sarauniyar Cintra ce, 'yar Emhyr, sarkin Nilfgaard, don haka duk inda ta sa ƙafa siyasa na biye da ita. Ina sa ran zaɓuɓɓukan da za a ba ka su fi karkata ga "yaya zan shiga" fiye da "in shiga ko kada in shiga". Ina kuma fatan su riƙe dabarar da ta sa ƙarshen na uku ya yi tasiri, inda makomar Ciri ba ta rataya a kan wani babban maɓalli ba sai a kan ƙananan abubuwa: ka yi jifan ƙanƙara da ita ko ka ba ta giya, ka raka ta kabarin Skjall, saurayin da ya taimake ta, ko ka hana, ka bar ta ta shiga wurin matsafan ita kaɗai ko ka bi ta, ka karɓi kuɗin Emhyr a gabanta ko ka ƙi. Babu wanda ya gaya maka ana lissafi. Tunda wannan ne na farko a jerin wasanni uku da kamfanin ya ce yana so ya fitar cikin shekara shida daga fitowar na farkon, akwai yiwuwar wasu zaɓuɓɓukan su tsallaka zuwa na gaba, ko da yake tarihi ya nuna irin wannan tsallakawar ba ta cika yin nauyi ba. A na biyu, bin Roche ko Iorveth yana canza babi guda sukutum, amma da aka zo na uku Iorveth ko fitowa bai yi ba.

Sai duniya. Bidiyon Yuni 2025 ya kai mu Kovir, ƙasar arewa mai duwatsu da dusar ƙanƙara da arzikin ma'adinai, wadda ba a taɓa taka ta a wasannin baya ba, sai dai a ji sunanta. Can ne matsafan da suka tsere daga Novigrad suka nufa tare da matsafiya Triss. An nuna garin bakin teku mai suna Valdrest, aka rufe da hango birnin Lan Exeter daga nesa. A cikin abubuwan fasahar da aka jera, biyu ne suka shafi wasa kai tsaye. Na farko cunkoson jama'a: an tara mutum sama da 300 a fili ɗaya, kowa na motsinsa, firem bai faɗi ba. Kuma akwai wurin da Ciri ta bangaji wani mai ɗauke da akwatin tuffa, 'ya'yan suka zube suka gangara, na kusa suka mayar da martani. A Novigrad ta na uku mutane da yawa ne, amma kayan ado ne. Ka bangaje su su yi tsaki su koma inda suke. Garin da abu ɗaya ke jawo wani yana buɗe ƙofar ayyukan da ba a iya yi a da: bin mutum a cikin taro, tayar da hargitsi don a janye hankalin masu gadi, gane wanda ba mutum ba ne a tsakiyar kasuwa ta yadda dabbobi ke guje masa. Ko za su yi amfani da shi haka, wannan shawarar masu tsara ayyuka ce, amma kayan aikin ya samu.

Na biyu shi ne yadda ake loda duniya yayin da kake tafiya. Wasannin da aka gina da Unreal Engine sun yi ƙaurin suna wajen ɗan tsayawar nan da hoto ke yi idan ka tsallaka daga yanki zuwa yanki, musamman a kwamfuta. A wasan da ake sukuwa a kan doki cikin daji, wannan ciwo ne babba. CD Projekt Red ya bar injinsa na gida, REDengine, ya ƙulla yarjejeniya da Epic a Maris 2022, kuma tare suka yi aikin wani tsari mai suna FastGeo don magance wannan. Shi ne abin da zan fi sa wa ido idan wasan ya fito, fiye da ganyayen dajin da aka zana da fasahar Nanite, waɗanda kowa ke yabawa. Goɗiyar Ciri, Kelpie, an nuna tsokar jikinta na motsi a ƙarƙashin fata, kuma hawa da sauka sun yi santsi daga kowane gefe. Wanda ya sha fama da Roach, goɗiyar Geralt, tana maƙalewa a jikin shinge ko tana tsayawa cak a bakin gada ya san cewa biyayyar dokin ta fi tsokarsa muhimmanci.

Akwai abu biyu na tsarin na uku da nake sa ran za a jefar. Ɗaya shi ne alamomin tambaya da suka cika taswira, musamman na tekun Skellige, inda kake tuƙa kwalekwale daga akwati zuwa akwati kana harbin siren don tarkacen da za ka sayar. Ɗayan shi ne ɗaure komai da lambar mataki: takobin da ka samu bayan doguwar wahala ya zama shara bayan awa uku, ko ɗan fashi mai tsumma ya gagare ka don kawai akwai hoton ƙoƙon kai a saman sunansa. Dalilin da ya sa nake ganin za a canza shi ne abin da suka yi wa Cyberpunk 2077 a gyaran 2.0 na Satumba 2023. Sun rushe bishiyar ƙwarewa gaba ɗaya, suka rage masu ƙara kashi kaɗan cikin ɗari, suka kawo masu ba ka sabon motsi da za ka yi da hannunka, suka raba kariya da tufafi. Kamfanin da ya koyi wannan darasin da tsada haka, da wuya ya koma ya ba Ciri "ƙarin kashi biyar na saurin sara" a matsayin lada.

Geralt zai fito, an tabbatar, amma ba shi ne tsakiyar labarin ba. Doug Cockle ne dai muryarsa, Ciri kuma ta samu sabuwar murya, Ciara Berkeley. Abin wuyanta ma ba na kerkeci ba ne, na wata kyanwar daji ce da ake kira lynx, wanda aka fara nunawa kwance cikin dusar ƙanƙara a hoton sanarwar 2022.

Game da lokaci, an shiga cikakken aikin wasan a ƙarshen 2024, da ma'aikata sama da 400 a kansa ƙarƙashin darakta Sebastian Kalemba, kuma kamfanin ya gaya wa masu hannun jarinsa a 2025 cewa ba zai fito kafin ƙarshen 2026 ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: wannan kamfanin ne ya fitar da Cyberpunk 2077 a Disamba 2020 a halin da ya sa Sony ta cire shi daga shagonta har zuwa Yuni 2021, kuma ko The Witcher 3 an yi ta ce-ce-ku-ce a kan yadda hotonsa ya gaza na tallan 2013. Saboda haka kada ka biya kuɗin wasan tun bai fito ba, kada kuma ka sayi sabon katin hoto ko sabuwar na'ura domin shi yanzu. Idan Xbox Series S gare ka, ka sani cewa wani babban jami'in fasaha na kamfanin ya riga ya ce kai firem 60 a kanta zai yi wuya ƙwarai. Ranar da suka saki bidiyon wasa na gaske, mai ɗauke da layin lafiya da taswira a gefen allo, ka duba ko an nuna Ciri tana buɗe jaka tana zaɓar mai da magani kafin faɗa, ko sawun da take bi yana yin ja da kansa, da kuma ko akwai dodon da sihirinta ya kasa yi wa komai har sai da ta canza dabara.